Mota ɗaya muka shiga, amma kowa da hanyar da ya gani

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, musamman ga ma'aurata. Duk sanda muka yi tafiya da Abban Ilham, in muka dawo ana mana ya hanya, sai ka rantse ba mota ɗaya muka shiga ba. Makon jiya mun je biki Kano daga Kaduna. Shi labarinsa inda aka gyara kwalta, inda aka mayar da motoci hannu ɗaya, kuɗin litar mai a Zariya, da wata tirela da ta kife bayan Jaji. Ni wallahi ban ga tirela ba. Abin da ya tsaya mini a rai wata yarinya ce mai tallar rake a Tashar Yari, ba za ta girmi Ilham ba, goye da ƙaninta, tana bin motoci da gudu ba ko takalmi. Da na yi masa maganarta cewa ya yi, wace yarinya? To wai halitta ce, namiji da idonsa mace da nata? Kuma da Allah ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba, wanne ne dubawar, nasa ko nawa?

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Hahaha, kamar kin leƙo gidanmu. Nawa ma lambar motar da ta wuce mu yake haddacewa.

Direban_Kawo:
Hajiya, ki yi wa maigida uzuri. Wanda ke riƙe da sitiyari ba shi da idon kallon mai rake. Ni sana'ata ke nan, daga Kawo zuwa Kano. Bari in gaya miki abin da idonsa ke yi sanda naki ke kan yarinyar. Yana kallon tayar tirelar da ke gabansa ko tana rawa. Hancinsa na jiran ƙaurin birki. Yana lura da akuyar da ke bakin titi, don in ɗaya ta tsallaka to 'yarta na biye. Motar da ke tahowa in ta ƙyafta masa fitila ya san akwai magana a gaba. Babbar kuma, in ya ga ɗaya hannun ya ɗauke, an jima ba mota ko ɗaya ta taho, gabansa faɗuwa yake, sai ya rage gudu ba tare da ya gaya miki dalili ba. Ke kina ganin ya yi shiru ne kawai. Wannan shirun shi ya ba ki damar ganin mai rake.

Anti_Barnawa:
Gaskiyar Direban_Kawo. Ni nake tuƙa mu tunda idon Baban yara ya fara ba shi matsala. Da can ni ce mai "kai duba can, kai duba nan". Yanzu shi ne. Ranar nan muna hanyar Zariya yake ce mini na ga yadda dawa ta yi kyau wajen Birnin Yero? Na ce Alhaji in na ga dawa ai a cikinta za mu kwana. Ba halitta ba ce, kujera ce.

Abu_Sudais:
Anti, ban yarda kujera ce kaɗai ba. A jirgin ƙasa wa ke tuƙi a cikinmu? Muna shiga daga Rigasa a Kaduna kafaɗa da kafaɗa har Idu a Abuja. Ni ina ƙirga tashoshi, ga Rijana, ga Jere, ga Kubwa, ina duba agogo. Ita kuwa kafin mu kai rabin hanya ta san tsohuwar da ke gabanmu asibiti za a kai ta, ta san jikarta ce ke rakiyarta, har ta ba su lemo. Ni ban ma san akwai tsohuwa a taragon ba sai da muka sauka na ga suna sallama kamar 'yan uwa.
Wuri ɗaya ne kawai idonmu ke haɗuwa. Tun harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, in jirgi ya doshi wajen Katari, ni da ita duk shiru muke, kowa bakinsa na motsi. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu.

Ummu_Hanan:
Amin ya Allah. Allah ya kiyaye na gaba.

Alhajin_Malali:
Ku tambaye mu masu biyu, mu ke da abin gwaji a hannu. In maganar mace da namiji ce, ai da uwargida da amarya abu ɗaya za su riƙa gani. Ina! Uwargida in muka kai Kwanar Gafan, ta tagar mota za ta gaya maka tumatir ya sauko ko bai sauko ba, daga yawan kwandunan da aka jere. Ta san inda albasa ta fi araha, ta san wace mai fura ce ke wanke ƙwarya. Amarya kuwa ba ruwanta da kwando. Ita gine-gine ne da fentin gida, sai in rana ta zo faɗuwa ta ce in tsaya ta ɗauki hoto. Ɗaya ta girma a gidan 'yan kasuwa, ɗaya mahaifinta magini ne. Kowa abin da aka rene shi a kai yake gani.

Anti_Barnawa:
Alhaji, to wa kake ɗauka in tafiya ta taso? Ko mai sama maka tumatir mai araha ce kullum a gaban mota?

Alhajin_Malali:
Anti kina so ki haɗa ni faɗa, kuma duk biyun suna cikin zauren nan. Na yi shiru.

Malam_Tudunwada:
Alhaji, amsar Anti tana cikin sunna. Nana A'isha ta ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in zai yi tafiya ƙuri'a yake yi tsakanin matansa, wadda ta faɗo kanta da ita za a tafi. Ka huta da zargi.

Sai tambayar Maman_Ilham ta biyu, wadda na ga kowa ya tsallake. Umarnin tafiya da dubawa ya zo a wurare da dama, kamar Ankabut aya ta 20. Amma ki duba Suratul Hajji aya ta 46. Allah ya tambaya, shin ba su yi tafiya a bayan ƙasa ba har su samu zukatan da za su hankalta da su? Sannan ya ce ba idanu ne ke makancewa ba, zukatan da ke cikin ƙiraza su ke makancewa. Ashe ba abin da ido ya faɗa a kai ake tambaya ba, abin da zuciya ta yi da shi ne. Wanda ya ga kifaffiyar tirela ya tuna shi ma da rai ya fito kuma ba ƙwarewarsa ta tsare shi ba, ya duba. Wadda ta ga mai talla ta gode wa Allah a kan 'yarta, ta ji nauyin 'yar wani, ta duba. Wanda kuma ya ga duka biyun ya wuce kamar bai gani ba, shi ne na Suratu Yusuf aya ta 105, masu wuce ayoyi suna kau da kai.

Akwai kuma wani abu da nake so maza mu ji. Sau da yawa abin da mace ta damu da shi a hanya ƙarami muke ɗaukarsa. A wata tafiya sarƙar wuyan Nana A'isha ta ɓace. Annabi ya tsayar da ayari don nemanta, ga shi ba ruwa a wurin kuma ba su da ruwa. Mutane suka kai ƙara wajen Sayyidina Abubakar, ya je ya yi mata faɗa sosai. Da gari ya waye aka saukar da ayar taimama. Usaidu ɗan Hudair ya ce wannan ba ita ce albarkarku ta farko ba, ya iyalan Abubakar. Da aka tayar da raƙumin da take kai, sai ga sarƙar a ƙarƙashinsa. Yau duk wanda ya buga ƙasa ya yi salla a dajin da ba ruwa, sanadin ke nan.

Yaro_Mai_Keke:
Malam ba a wannan tafiyar ba ce munafukai suka yi mata ƙazafi?

Ɗalibar_Islamiyya:
@Yaro_Mai_Keke, kar ka haɗa su. A labarin ƙazafi ita kaɗai ta koma neman sarƙa, ayari ya tashi ya bar ta ba a sani ba. A na taimama kuwa ayarin gaba ɗaya ya tsaya. Malaman tarihi sun yi saɓani ko tafiya ɗaya ce ko biyu, amma labaran daban suke zuwa a Bukhari. Kuma sarƙar taimama aro ce daga yayarta Asma'u, ka ga ba son ƙyale-ƙyale ya sa aka damu ba, amana ce.
Ƙari a kan na Malam: a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, da sahabbai suka kasa tashi su yanka hadaya saboda baƙin cikin sharuɗɗan sulhu, Ummu Salama ce ta ce wa Annabi ya fita kar ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa ya yi aski. Yana yi kowa ya tashi. Tana cikin tanti amma ta karanci zukatan mutanen da ke waje.

Ɗan_Rigasa:
Ni fa ina ganin muna ɗora wa ƙaramin abu rawani. Ba kowace tafiya ce wa'azi ba. Mutum ya ciwo bashi ya zuba mai, yana lissafin gudummawar biki da kuɗin dawowa da na makarantar yara da ke jiransa Litinin, a ce bai ga mai rake ba? Aljihunsa yake kallo, Hajiya. Annabi da kansa ya ce tafiya yanki ce ta azaba, tana hana mutum ci da sha da barci, in ya gama buƙatarsa ya gaggauta komawa gida. Bai ce ya tsaya kallon gari ba.

Malam_Tudunwada:
Hadisin ya inganta, Ɗan_Rigasa. Amma azabar ma ai abin dubawa ce.

Uwar_Biyu:
Ku yi haƙuri, ni maganar nan haushi ta ba ni. Masu ganin mai rake da masu ganin tirela duk kun ji daɗi. Ni me nake gani? Ƙeyar direba da ledar amai. Ɗaya a cinya, ɗaya a kafaɗa, jakar kunzugu a ƙafa, fulas ɗin ruwan zafi a tsakanin gwiwa. Tun daren tafiya nake daina shan ruwa, don na san in na ce a tsaya sai an yi tsaki, in ma an tsaya shi ya juya baya a gindin bishiya ya gama, ni sai na nemi masallacin gidan mai ko gidan mutane in yi sallama. Ga shayarwa ga ƙishi. Mu isa a ce ya hanya, ya ce lafiya lau. Lafiya lau a wajen wa?
Darasin imani sai wanda hannunsa ke sake. In maigida na son in ga ikon Allah a hanya, ya karɓi yaro ɗaya.

Ummu_Hanan:
Wallahi kin fanshe mu. Maganar ruwan nan ba wadda ba ta yi.

Direban_Kawo:
Ban taɓa sanin mata na ƙin shan ruwa saboda mu ba. Na ɗauka dai ba sa jin ƙishi a mota.

Anti_Barnawa:
To ka ji. Mai ganin tayar tirela tana rawa daga nesa, bai ga fasinjar da ke bayansa leɓenta ya bushe ba.

Ɗalibar_Islamiyya:
Yaya Uwar_Biyu, ki tura wa maigida waɗannan biyun. Anjasha yana kora raƙuman da mata ke kai da waƙa har suka ɗau sauri, Annabi ya ce masa ya yi sannu da kwalabe, yana nufin matan. A hanyar dawowa daga Khaibara kuma, Anas ya ga Annabi ya durƙusa gefen raƙumi ya kafa gwiwarsa, Nana Safiyya ta taka ta hau. Shugaban runduna ke nan, da dubban lamura a kansa, amma idonsa na kan yadda matarsa za ta hau abin hawa.

Saratu_SabonTasha:
Sannunku. Ni Kirista ce amma maganar ta shafe ni, bari in sa baki. Kowace shekara muna tafiya gida Kagoro Kirsimeti, mu tsaya har bikin Afan ranar 1 ga Janairu. Hanyar Kachia muke bi, ta Kujama da Kasuwan Magani. Baban Joy manomi ne a zuciya ko da yake aikin ofis yake. Muna shiga ƙasar Kachia zai fara: dubi cittar da aka shanya, bana ba ta yi kamar ta da ba, wannan gonar ba a yi mata noma na biyu ba. Ni kuma gidaje nake kallo. Wanda na sani da mutane bara, bana ƙofa a rufe ciyawa ta cinye tsakar gida. Shi yana lissafin abin da ƙasa ta bayar, ni ina lissafin waɗanda suka tashi. Da yamma in mun zo addu'a shi godiya ce a bakinsa, ni roƙo. Da farko ina jin kamar bai damu da mutane ba. Daga baya na lura in ni kaɗai ce ke addu'ar nan kuka zalla za ta zama. Littafin Mai-Wa'azi sura 4 ya ce biyu sun fi ɗaya, don in ɗaya ya faɗi ɗayan zai ɗaga shi.

Malam_Tudunwada:
Madalla da wannan, Maman Joy. Allah ya zaunar mana da jiharmu lafiya, kudu da arewa.

Yaro_Mai_Keke:
Tunda ga malamai a kusa. In na kai iyali Zariya ziyara, za mu yi ƙasaru? Ni na ce eh, ita ta ce a'a, har muka yi salla daban-daban a Kwangila.

Abu_Sudais:
Zariya ai tafiya ce. Kusan kilomita 80 fa.

Ɗalibar_Islamiyya:
A mazhabar Malikiyya mil 48 ne, wanda ake ƙiyastawa wajen kilomita 80 ɗin, shi ya sa Zariya ke kan gaɓa. Kuma ba daga ƙofar gidanka ake fara ƙirga ba, sai ka bar gine-ginen gari. Kaduna kuwa yanzu ta miƙe har Rigachikun da Mararrabar Jos. Ka zauna da malamin unguwarku ka gaya masa daga ina zuwa ina. In kuma kun yi niyyar kwana huɗu cikakku a can, to cikawa za ku yi.

Ɗan_Rigasa:
Daga mai rake mun koma aunon hanya. Zauren nan sai Allah.

Hajiya_Kaka:
Jikata ce ke rubuta mini, ni ke faɗa. Na ji duk abin da kuka ce, yara.
Da muka je Makka da marigayi Alhaji, a Safa da Marwa shi sanyin wurin da faɗinsa da yadda aka yi hawa-hawa suka ɗauke masa hankali, yana ta cewa dubi aiki. Ni kuwa ƙafata na kan marmara amma zuciyata na wajen Nana Hajara, mace ita kaɗai da jariri yana kukan ƙishi, ba inuwa ba kowa. Duk wadda nononta ya taɓa ƙafewa da yaro a hannu ta san wannan gudun. Na ce a raina maza ba su san komai ba.
Sai muka je Madina aka kai mu Uhudu. Ni ina can ina cinikin dabino da tsarabar jikoki, na waiwaya ban gan shi ba. Can na hango shi tsaye a gaban shingen maƙabartar shahidai, inda Sayyidina Hamza yake, hularsa a hannu, dattijo yana kuka kamar yaro. Yayansa soja ne, ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, ba a kawo ko gawarsa ba. Tun aurenmu bai taɓa yi mini maganar da hawaye ba sai ranar.
Saboda haka wadda ta ce mijinta ba ya ganin mutane, ta yi haƙuri, ba a zo wurin nasa ba ne.
Yanzu in yara suka ɗauke ni zuwa Zariya, ni ce mai cewa a duba ruwan mota, a duba iskar taya, kar a yi dare. Da shi ke faɗa ina cewa ya cika mita. Kuma ku riƙa karanta addu'ar hawa da ƙarfi yara su ji, har ƙarshenta, inda aka ce lalle mu masu komawa ne ga Ubangijinmu. Alhaji ba ya tayar da mota sai ya kai nan.

Ummu_Hanan:
Allahu akbar. Allah ya ji ƙan Baba, ya sa Aljanna ce makoma. Kaka kin sa ni hawaye a ofis.

Maman_Ilham:
Amin. Na gode Kaka, na gode kowa. Amma har yanzu akwai abin da bai kwanta mini ba. Na yarda mai tuƙi ba zai ga komai ba. To in na gaya masa fa? Ai sai ya ce Allah sarki, ko ya tambaye ni. Ba rashin ganin ke damuna ba, rashin son jin abin da na gani ne.

Abu_Sudais:
Wannan kuma gaskiya ce, amma ta kowane ɓangare. Ke da yake ba ki labarin inda aka gyara kwalta, kin tambaye shi ko sau ɗaya? Mu ma muna gane sanda ake ce mana "uhm" ana danna waya.

Alhajin_Malali:
Abu_Sudais ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Na taɓa yi wa amarya bayanin gadar Kawo tun daga tushe har sama, ina waiwayowa na tarar ta yi barci.

Uwar_Biyu:
Alhaji ai barcin ma ni'ima ce, wasu ba mu samu ba.

Ɗan_Rigasa:
Ni dai ina nan kan bakana. Ku cire wa namiji lissafin mai da na makaniki ku gani in ba zai ga har tsuntsun da ke kan waya ba.

Anti_Barnawa:
An cire wa nawa, dawa ya gani. Har yau bai ga mai talla ba sai in gyaɗa yake so.

Direban_Kawo:
Gobe da asuba ina da lodi zuwa Kano. Zan tsaya a gidan mai da ke da banɗakin mata kafin Kwanar Dangora ko ba wadda ta ce a tsaya. In maza suka yi mini tsaki zan ce su shigo zauren nan su nemi Uwar_Biyu.

Uwar_Biyu:
Su zo. Kowa ya taho da zanin goyo.